Allolin Kharchi goma sha huɗu: na Tripuri ne ko na Hindu?

Malam, ka tambaya ko allolin da ake bauta wa a bikin Kharchi asalinsu na Hindu ne ko na ƙabilar Tripuri. Na Tripuri ne, allolin gidan sarautar Tripura ne a arewa maso gabashin Indiya. Daga baya aka laƙaba musu sunayen Hindu irin su Shiba, Durga da Bishnu. Tarihin sarakunan, Rajmala, ya danganta farkon bautarsu da Sarki Trilochan. Ɗakin bautar da ke tsohon garin Agartala kuwa ya samu ne bayan Sarki Krishna Manikya ya mayar da fadarsa can a ƙarni na 18.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne tsarin bautar kanta. Kawuna kawai ake ajiyewa, babu gangar jiki, kuma har yau babban malamin bautar, Chantai, ɗan Tripuri ne, ba Brahman (ɗan zuriyar malaman addinin Hindu) ba. Shi ke jagorantar kai kawunan kogi a wanke su kafin kwana bakwai na biki a ƙarshen watan Yuni ko a watan Yuli. Sai dai ka yi hattara da labarin Trilochan, tatsuniyar sarauta ce, kada ka sa masa shekara a rubutunka.