Ga 'yar'uwar da ta ɗauki alwashin karanta littafi 50 a shekara

'Yar'uwa, kin ce labaran soyayya na waya kaɗai kike karantawa, kina so ki leƙa wasu fannoni, har kin ɗora wa kanki littafi 50 a bana, amma wata biyu ke nan ko littafi uku ba ki gama ba. Ba lalaci ba ne. Ma'aunin ne bai dace da abin da kike nema ba.

Wanda ya ce sai ya gama littafi 50 dole ya riƙa gama ɗaya kusan kowane mako. Da ya ga an bar shi a baya sai ya koma zaɓen sirara, ko irin waɗanda ya saba da su don sun fi saurin shiga. Kin ga burin da aka kafa don faɗaɗa karatu shi ne ya ƙuntata shi. Ki ajiye wannan adadi, ki ƙirga minti. Minti 20 a rana kan ba mai matsakaicin sauri kamar shafi 10, wato shafi 300 a wata. Yawancin ƙagaggun labaran Hausa da aka buga ba su wuce rabin haka ba, don haka littafi biyu a wata ba abin wahala ba ne. Ranar da ta wuce ba ki karanta ba, ta wuce. Kada ki ce gobe za ki rama da minti 40. Bashin karatu shi ya fi komai kashe sha'awa.

Minti 20 ɗin nan ki jingina shi da abin da ba ya tashi daga wurinsa, kamar bayan sallar Asuba kafin a fara shirin yara, ko bayan Isha'i. "Idan na samu lokaci" ba lokaci ba ne. In a waya za ki karanta, ki sauke littafin tukuna ki kashe data, don saƙon WhatsApp guda ɗaya ya isa ya cinye zaman. Da dare kuwa, da yadda wuta take a garin nan, littafin takarda yana bukatar fitila mai caji a kusa.

Sai maganar sabon fanni, nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mutum ya taso daga labarin soyayya ya faɗa kundin tarihi mai shafi 500 da Turanci, ya kai shafi na 12 ya rufe, ya yanke hukuncin cewa tarihi ba nasa ba ne. Ai ba a hawa bishiya ta ganye. Ki matsa taki ɗaya daga inda kike. Gasar rubutun Hausa ta 1933 ta fitar da gajerun littattafai biyar, kuma biyu daga ciki sun dace da ke. Jiki Magayi labarin soyayya ne da ramuwa, don haka ba za ki ji baƙunta ba, sai dai Hausar ta da ce. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙagagge ne, amma yana ɗauke da zamanin bauta da fataucin da ake yi ta hamada. Wanda ya gama shi yakan tashi da tambayoyi, kuma tambayar ce ke sa littafin tarihi ya yi daɗi. Daga nan sai tarihin rayuwar wani mutum, domin shi ma labari ne mai farko da ƙarshe, kafin tarihin masarautu.

Tsarin da ya fi ɗorewa shi ne biyu na jin daɗi, ɗaya na baƙon fanni. Kada ki yar da soyayyar, ita ce ke riƙe da al'adar. Baƙon kuma ki ba shi shafi 40. In ya ƙi shiga, ki ajiye ki ɗauki wani a fannin, don sau da yawa marubucin ne bai yi miki ba, ba fannin ba. Rubutacciyar waƙa dabam take: ba a karanta ta da ido kawai. Ki rera ta a fili, baiti goma a zama ɗaya, sannan kari da amsa-amo za su fito.

Wurin samu ba matsala ba ne a Kaduna. Akwai ɗakin karatu na jiha a titin Bida. Arewa House da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna wanda yanzu cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya fi dacewa da lokacin da kika riga kika san tambayar da kike bi. In kika je hannu rabbana, yawan kayan zai ruɗe ki. Tsofaffin bugun NNPC, wato kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya, kuma ki tambayi masu sayar da littattafai a Kasuwar Sheikh Gumi. Ki buɗe ki duba kafin ki biya, don bugun satar fasaha yakan zo da shafuka a juye ko a tsallake. Ɗaya za ki saya, sai kin gama ki sayi na gaba. Tulin littattafan da ba a buɗe ba yakan koma abin da ke harararki.

Ki samu ƙaramin littafin rubutu: sunan littafi, ranar gamawa, da layi biyu kan abin da ya tsaya miki a rai. Bayan wata uku ki duba fanni nawa kika taɓa. In huɗu ne a shekara, ɗaya kowane wata uku, ya isa sosai. Watan azumi da lokacin jarrabawar yara ki cire su daga lissafin tun yanzu, ki tsara shekarar a kan wata goma.