Laptop ɗina tana mutuwa haka kawai

Tambaya: Salam Malam, daga Marwa nake, ina cikin aiki sai laptop ɗina ta ɗauke ɗif, cajar kuma a kasuwa na saya. Meye matsalar?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ni cajar nan nake zargi gaskiya. Juya ta ka karanta ƙarfin wutar (voltage) da aka rubuta a bayanta, yawanci 19V ne ko 19.5V, dole ya zo daidai da na laptop ɗin, kuma ka duba yawan wutar da laptop ɗin take ci (W), in 65W ne kar ka sa mata cajar 45W. In batirin na cirewa ne cire shi ka kunna da caja kaɗai ka ɗan motsa bakin wayar, in ta mutu to ko waya ta tsinke ko ramin cajar ya saki, sai mai gyara. In kuwa sai an ɗauke wuta take mutuwa, batiri ne ya gaji, sauya shi.