Kaset ɗin waƙoƙin mahaifinmu: manhaja za ta iya gyara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da kaset uku na waƙoƙin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da aka ɗauka da rakoda a zauren gidanmu a shekarun 1990. Shi ke waƙa, ga mai kukuma, ga mai kalangu da 'yan amshi. Na kunna kaset ɗin na kara wayata a bakin sifika na ɗauka, sannan na saka a wata manhaja mai raba murya da kiɗa. Muryar ta fito a shaƙe tana rawa, kuma kukumar ta ƙi rabuwa da ita. So nake in tsabtace waƙoƙin in ɗora musu sabon kiɗa. Wace manhaja ce ta fi? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Maganar manhaja za ta zo, amma aikinka ya samu matsala tun kafin a kai gare ta. Kara waya a bakin sifika ya tara maka lahani uku: na sifikar, na ɗakin da kake, da na wayar, wadda ke matse sauti tana zubar da wani sashe nasa. Abin da ya zube a nan babu manhajar da za ta dawo da shi. Saboda haka a koma kan kaset ɗin.

Kafin komai, ɓalle ƙananan haƙoran nan biyu da ke saman kaset, don kada wani ya danna jan maɓalli ya shafe waƙar. Duba zaren: in ka ga farin fumfuna a jikinsa, kada ka kunna, kai wa wanda ya san aikin. Kada a shanya shi a rana. Leƙa ƙaramin soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiyar bakin kaset. Shi ke danna zaren a jikin kan rakoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sauti, kuma a tsofaffin kaset yakan faɗo. In ya faɗo, ko gidan kaset ɗin yana ƙara, a kwance a mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya.

Sai injin da za a kunna da shi. Ƙananan na'urorin nan masu araha da ake tallatawa cewa suna mayar da kaset MP3, ban yarda da su ba: injin da ke juya zare a cikinsu ba shi da nutsuwa, sai murya ta riƙa lilo. Nemi tsohon dek mai kyau, wato babban injin kunna kaset, irin wanda har yanzu akan samu a wasu situdiyo ko wajen masu gyaran rediyo. A goge kansa da auduga da sinadarin isopropyl, a sauya bel in ya saki, a haɗa shi da kwamfuta ta igiya kai-tsaye.

Akwai wani ɗan sukuru a gefen kan dek ɗin wanda mutane ba su cika sanin darajarsa ba. Shi ke daidaita karkatar kan da layin da aka rubuta sauti a zare. Rakodar da aka ɗauki Baba da ita da wuya kanta ya zo daidai da na dek ɗin da za ka samu, kuma ɗan bambanci kaɗan ya isa ya dushe murya. Sa wa inda sukurun yake alama, haɗe sautin hagu da dama ya zama ɗaya, ka riƙa murɗawa a hankali kana saurare, har inda harufan s da sh suka fi fitowa tas. Wannan murɗin na minti biyu yakan yi abin da manhaja mai tsada ba za ta yi ba. Maɓallin Dolby kuma, na rage hayaniyar kaset, a kashe shi, sai in an rubuta a jikin kaset cewa da shi aka ɗauka, abin da ba a cika samu a rakodar gida ba.

Ɗauki kowace fuska daga farko har ƙarshe a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, 24-bit, 48 kHz ko 96 kHz, kuma kada ma'aunin ƙarfin sautin ya kai jan layi. Wannan fayil shi ne asali. Ajiye shi a wuri biyu, kada ka taɓa shi, duk gyara a kan kwafi za a yi. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda (document) don ya isa yadda yake.

Gyaran farko shi ne gudu. Kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, amma in batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, zaren ya tafi a hankali, yanzu kuma da aka kunna shi daidai sai waƙar ta yi sauri, murya ta sirance, musamman a ƙarshen fuska. In da wuta aka ɗauka, ƙugin wutar kan ba da shaida: tamu 50 Hz ce, in ka ga ƙugin a 52 to kaset ɗin ya yi sauri da kashi 4 cikin 100. Sai dai ba na rantsuwa da wannan ma'auni in janareta aka tayar. Kunnen wanda ya san muryar Baba, kamar mahaifiyarku ko ƙannensa, ya fi. A gyara da umarnin sauya gudu, wanda ke taɓa sauri da kaifin murya tare, tunda tare suka ɓaci.

Daga nan a cire ƙugin da matata mai tsini (notch filter) a 50, 100 da 150 Hz, sannan a zo kan shuuu ɗin kaset. Audacity, wadda kyauta ce, tana yin duka biyun. iZotope RX ta fi ta iya aiki, amma da kuɗi. Ana ba manhajar ɗan wurin da ba kowa ke waƙa, ta gane hayaniyar, ta rage ta. Ga tarkon: rakodar gida tana ƙara ƙarfin sauti da kanta duk lokacin da aka yi shiru, don haka hayaniyar da ke wurin shirun ta fi wadda ke ƙarƙashin waƙa yawa, sai manhajar ta yanka fiye da kima. Tsaya a ragin 6 zuwa 9 dB. Ɗan shuuu da ya rage kunne kan manta da shi cikin daƙiƙu kaɗan, amma murya mai amon gwangwani ba ta sauraruwa.

Yanzu ga batun kukuma. Manhajojin raba sauti, irin su Spleeter da Deezer ta fitar a 2019, da Demucs, da wadda aka saka cikin FL Studio a 2023, ba sa zare murya daga wani layi da take zaune ita kaɗai. A kaset ɗinka makirufo ɗaya ya haɗiye kowa, an riga an dama sukari cikin kunu. Hasashe suke yi daga abin da aka horar da su a kai, mafi yawansa waƙoƙin Turawa ne da aka kasa gida huɗu: murya, ganguna, bes, da sauran kayan kiɗa. Kukuma tana zamewa daga sauti zuwa sauti yadda maƙogwaro ke yi, tana kuma bin karin mawaƙin sau da ƙafa, shi ya sa manhajar ta ɗauke ta mutum. Kalangu ma haka: idan aka matse shi ya sauya murya, sai a tsinci rabinsa a gidan ganguna, rabi a gidan bes.

Mutane kan kawo misalin waƙar Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, mai suna Now and Then da ta fito a Nuwamba 2023. Gaskiya ne daga kaset ɗin gida na mawaƙinsu John Lennon na ƙarshen shekarun 1970 aka ciro muryar, bayan an gwada a 1995 an haƙura saboda piyano ya danne ta. Amma da fasahar da ma'aikatan mai shirya fim Peter Jackson suka ƙera musamman don faifan wannan ƙungiya aka yi, kuma piyano kayan kiɗa ne da waɗannan injuna suka sani ciki da bai.

Shawarata, ka bar kukumar tare da muryar. Da ma tare aka yi su, kuma 'yan amshi ma a gidan murya za su faɗa. Ka gwada manhaja biyu ko uku a kan sabon fayil ɗin, ka cire kalangu kawai in ya fita da kyau. Inda muryar ta yi ramuka, mayar da ɗan kaɗan na asalin sautin a ƙarƙashinta ya cike.

Wajen ɗora sabon kiɗa, kiɗan ne zai bi Baba. Makaɗan zaure ba agogon kwamfuta suke bi ba, sukan ƙara wuta in waƙa ta yi daɗi, su sassauta in za a shiga sabon baiti. Furodusa ya zana taswirar gudun waƙar yadda take, ya sa bit ɗinsa ya hau kai. Miƙe muryar don ta dace da bit yana ɓata tsawon wasula, a Hausa kuwa wannan na iya sauya ma'ana. Kada a sa mata Auto-Tune, manhajar da ke daidaita kaifin murya. An ɗaure tsirkiyar kukumar ne daidai da muryar mawaƙin, ba da piyano ba, don haka piyanon za a ɗan saukar ko a ɗaga ya same su. In da hali, a kira mai kalangu ya sa abin saurare a kunne ya bi waƙar da hannunsa. Zai fi kowane bit na cikin kwamfuta zama da ita.

Kafin ka saki wani abu a intanet, nemi yardar sauran magada, da ta mai kukumar da mai kalangun da 'yan amshin ko iyalansu, a sa sunayensu a jiki. Ka fitar da kowace waƙa iri biyu, wadda aka tsabtace kawai da wadda aka sabunta wa kiɗa, a rubuta a fili wacce ce wacce, da shekarar ɗauka da wurin da aka ɗauka.