Baƙin mai a intakular Kompressor: a wanke, amma ba da fetur ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Mercedes C200 Kompressor ƙirar 2005. Da aka cire babban tiyon intakula (mai sanyaya iskar da ke shiga injin) sai baƙin mai ya zubo, ya kusa rabin kofin shayi. Wani bakanike ya ce kwampiresar (mai cusa iska cikin injin, ba ta AC ba) ta mutu, wani kuma ya ce a ɗauraye da fetur a mayar. Hankalina ya tashi. Injin ne ya tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, da wuya a ce injin ya tafi. Ɗan maiƙo a cikin tiyo ba komai ba ne, amma rabin kofi ya yi yawa. Kwampiresar Eaton da ke kan injin motarka, M271, ba ta shan man injin kamar turbo, man giyarta daban yake, a rufe. Saboda haka yawanci man nan ta tiyoyin numfashin injin yake biyowa. A duba su da bawul ɗinsu, a duba ko an cika mai ya wuce alama. In duk lafiya, sai a gwada kwamfireshan, wato ƙarfin matsin silinda, ko ringin fistin ne suka ci. Wanda ya wanke bai gyara inda man ke biyowa ba, aikin banza ya yi, man zai dawo.

Wankin kansa ba wuya. A kwance intakular, a tsiyaye, a zuba ruwan ɗumi da maganin maiƙon da ba ya cin alminiyam, a toshe bakunan a jijjiga, a yi ta maimaitawa har ruwan ya fito fes. Kada soda ta kusance ta. A busa iska, a kifa ta ta kwana. Sensan iska kuwa yana da nasa feshin.

To, sai maganar fetur, wadda kullum nake fama da ita har na gaji. Cikin intakula cike yake da ƴan siraran hanyoyi, fetur yana maƙalewa a ciki ko da bakin ya bushe ƙayau. Ka mayar, ka tayar, injin ya shaƙi tururin da kwamfuta ba ta san da shi ba. In wuta ta koma baya, bututun roba ya tarwatse, wani lokacin a fuskar yaron da ya sunkuya a kai. Wasu ma ba sa kwancewa. Sai ka ga an cire tiyo, mota tana aiki, ana tuttula fetur ko ruwa a bakin kwampiresa ana taka totur, wai “ta yi tari ta fitar”. Haba jama'a! Fistin yana matse iska, ba ya matse ruwa. Cokali kaɗan suka taru a silinda ɗaya, kwanrod, ƙarfen da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe nan take. Dattin da ya narke kuma bai ɓace ba, kan fulogi da sensan salansa da katalis mai tace hayaƙi yake sauka, ga fentin jikin rotocin kwampiresa yana ɓarewa.

Ku ji tsoron Allah, ƴan uwana masu gyara, motar nan amana ce a hannunku. Kai kuma Malam, ka tsaya a kan aikin, ka girgiza intakular da hannunka ka shinshina. In ka ji motsin ruwa ko warin fetur, kada ka yarda a ɗaura.