Tambaya da Amsa: Adireshi na dindindin ga masu shiga OpenVPN daga nesa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da atamfa. Ma'aikatan rassanmu na shiga sabarmu daga nesa ta OpenVPN, manhajar da ke haɗa kwamfuta da sabar ta ɓoyayyar hanya a intanet. Ina so akantanmu kaɗai ya iya buɗe manhajar lissafi, amma duk lokacin da ya shiga sai ya samu wani adireshin IP daban, sai dokar da na kafa a katangar tsaro ta tashi a banza. Ina mafita?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sabar na rabon adireshi ne daga tulin da ke hannunta, wanda ya riga zuwa shi ke ɗauka. Wasu za su ce maka ka dogara da fayil ɗin ipp.txt, inda sabar ke rubuta adireshin da ta taɓa ba kowa. Ni ban yarda da wannan ba, domin OpenVPN na ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin shawara ce kawai, ba dole ta bi ba.

A fayil ɗin saitin sabar ka rubuta topology subnet, sannan client-config-dir ccd. A cikin foldar ccd ka buɗe fayil, ka sa masa sunan (Common Name) da ke kan satifiket ɗin akanta, wato shaidar dijital da yake shiga sabar da ita, harafi da harafi. In sunan "akanta" ne, kada ka rubuta "Akanta", a Linux ba ɗaya ba ne. Layi ɗaya ya isa a cikinsa:

ifconfig-push 10.8.0.10 255.255.255.0

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne nan gaba. In ka bar 10.8.0.10 cikin tulin rabo, wata rana akanta bai shigo ba sai a miƙa wa wani mai shago a reshen Katsina adireshin, ya tsinci kansa gaban lissafin kamfani. Don haka ka ƙara nopool a ƙarshen layin da ya fara da server a fayil ɗin saitin, don sabar ta daina rabo daga dukkan tulin, ka ware wa sauran jama'a nasu da ifconfig-pool 10.8.0.100 10.8.0.200. Lambar 10.8.0.1 ta sabar ce, kada ka ba kowa.

Sai maganar satifiket. Na sha ganin ofis inda mutum biyar ke amfani da guda ɗaya saboda ƙiwar yin sababbi, an kunna duplicate-cn, saitin da ke barin mutane da yawa su shiga da satifiket ɗaya a lokaci guda, an huta. Da wannan ba za ka taɓa bambance akanta da direba ba. Kowa a yi masa nasa. Ranar da aka sace kwamfutar wani, ko ya bar aiki, ka soke nasa, ka sa sabar ta riƙa duba jerin sokakkun satifiket ta crl-verify, ba tare da ka taɓa na saura ba.

In kuma na'urar rarraba intanet ta MikroTik ce sabar OpenVPN ɗinku, abin ya fi sauƙi: a PPP Secrets, ka cike gurbin Remote Address na kowane mutum. Bayan ka sake kunna sabar, ka sa akanta ya fita ya dawo sau biyu, ka duba ko 10.8.0.10 ɗin bai canza ba kafin ka ɗaura masa dokar katanga.