Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Fatsar Katarot a Bakin Tekun Washinton

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Tacoma, birnin jihar Washinton ta Amurka da ke bakin Puget Sound, wato wani sashen teku da ya kutso cikin ƙasa, ya rubuto: "Malam, kullum da asuba ina ganin mutane tsaye cikin ruwa a bakin Puget Sound suna wurga doguwar igiya ba tare da tsutsa a ƙugiya ba. Na tambaya aka ce katarot suke nema. Sha'awa ta kama ni, na ware dala 500. Mai kanti ya nuna min sandar da za ta cinye kuɗin kaf. In saya?"

Ɗan'uwa, kada ka saya. Kifin nan da kake magana, mai jan layi a ƙarƙashin haɓa kamar an shafa masa wuƙa, a rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangaro ruwan gishiri ya yi kiwo, sannan ya koma rafi ya yi ƙwai. Ana samun sa tun daga arewacin Kalifoniya har Alaska. Ba ya nisa da gaɓa, sau da yawa a ruwan da bai wuce gwiwa ko ƙugu ba za ka tarar da shi, kuma yawancinsu inci 12 zuwa 16 ne. Wanda ya kamo mai inci 20 sai ya shekara yana ba da labari. To ka ga ba ka bukatar sandar kokawa da dodon ruwa. Mai tsawon ƙafa 9, lamba 6 (lambar tana nuna nauyin igiyar da sandar ke wurgawa), matsakaiciyar farashi, ta wadatar. Lamba 5 ma tana yi, amma iskar bakin teku takan tashi da hantsi, kuma lamba 6 ta fi huda ta.

Kuɗinka ka zuba shi a kan abin da zai taɓa jikinka da abin da gishiri zai ci. Ruwan Puget Sound ko da bazara sanyi gare shi mai shiga ƙashi, don haka wandon roba mai kai wa ƙirji da takalmi mai kauri su ne farko, saboda ɓawon kawa da duwatsun gaɓar suna yanka kamar reza. Na taɓa sayen mai araha, a fita ta uku ruwa ya shigo ta ɗinki, na koma mota ƙafafuna ba sa jin komai, kifi kuma yana ta tsalle a bayana. Sai igiya: in ɗaya za ka iya saya, ɗauki wadda ke nutsewa a hankali ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, don ba ta bin kaɗawar igiyar ruwa kuma tana riƙe koton, wato gashin da ake ɗaura wa ƙugiya a madadin tsutsa, a daidai inda kifin yake farauta. Abin naɗe igiya ba sai mai tsada ba, amma ya zama na alminiyam da aka yi wa rufin hana tsatsa. Duk ranar da ka dawo, ka wanke komai da ruwan famfo, har ƙugiyoyin. Wanda ya yi kasalar wannan, kafin wata uku zai sake komawa kanti.

Akwai abin da ba a sayarwa kuma ya fi duk waɗannan: jadawalin cikowa da janyewar teku, kyauta yake a intanet. Katarot yana cin abinci ne lokacin da ruwa ke tafiya. In ruwa ya tsaya cik, zauna ka sha shayinka. Ka kuma lura, gaɓa da yawa a jihar Washinton mallakar mutane ce, don haka ka fara da wuraren shaƙatawa na gwamnati, kuma ka yanki lasisin ruwan gishiri kafin ka jiƙa igiya.

Wata baiwar Allah daga Siyatil ta ce maigidanta ya riga ya sayi sanda, tana so ta yi masa kyautar da za ta amfane shi.

Hajiya, saya masa kwandon da ake ɗaurawa a ƙugu ana tara igiya a ciki. Ba shi da kyan gani, amma in babu shi ruwa zai ja igiyar ya naɗe ta da ciyawar teku, wurgi ya gagara. Ki haɗa da 'yan kotunan gashi: Clouser Minnow mai kwaikwayon ƙaramin kifi, da Chum Baby, wanda ke aiki sosai daga Maris zuwa Mayu lokacin da 'ya'yan kifin salmon ke fitowa daga rafuka katarot na binsu.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo ce, kuma na daɗe ina juya ta: "An ce doka ta hana tafiya da kifin gida. Wane mai hankali zai kashe kuɗi a kan kifin da ba zai shiga tukunya ba?"

Baba, gaskiya ne, a ruwan gishirin Washinton duk katarot da aka kama sai an sake shi, tun ƙarshen shekarun 1990. Dalilin a fili yake. Kifin ba ya saurin girma, ba ya mutuwa bayan ya yi ƙwai kamar yadda salmon ke yi, yana iya komawa rafi shekara bayan shekara, kuma ba shi da wayon guje wa ƙugiya. Da an bar kowa ya cika buhu, da gaɓar ta zama kufai. In miya kake nema, wannan ba hanyarka ba ce, ka nemi kayan kamun salmon a lokacinsa. Amma in kana son abin da zai fitar da kai bayan sallar asuba ka tsaya inda ba hayaniya sai kukan tsuntsaye, kuɗinka bai faɗi ba. Sharaɗi ɗaya nake roƙo: ka matse kunnen ƙugiyar da filaya ta zama sumul, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa kifin, ka zare ƙugiyar yana cikin ruwa, ka riƙe shi a hankali har sai ya fizge da kansa.