Me ake tsinta a littafin ƙauye guda?

(Na kwafe wannan daga muryar da Yaya ya turo zaure jiya da daddare, saboda waɗanda suka ce ba su samu damar sauraro ba.)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, da murya zan amsa, don in na ce rubutawa zan yi sai yatsu su gaji ban kai rabi ba.

Ƙanina, na ga tambayarka tun da rana. Ka ce kai dai abin yana ɗaure maka kai, yadda mutum da hankalinsa zai zauna ya karanta shafi 400 a kan ƙauye guda, ko tsuntsayen wani yanki, ko tsofaffin jiragen ƙasa, ko tara kan sarki na wasiƙa, alhali ga manyan littattafan tarihin duniya nan ba a gama da su ba. Hajiya kuma ta ɗora da cewa ai irin waɗannan ba mai sayensu sai marubucin da danginsa. Hajiya, Allah ya ƙara girma, akwai gaskiya a maganarki, zan zo kanta. Bari dai in fara sallamar yaron nan.

To, ka ga manyan littattafan nan da kake magana? Ka taɓa tambayar kanka a ina suke samo abin da suke faɗa? Ɗauki Bagadaza. Halifa Mansur ya fara gina ta a shekarar 762, birni ne zagayayye mai ƙofofi huɗu: ƙofar Kufa, ta Basra, ta Khurasan, da ta Sham. Yau in ka je, babu abin da ya rage a tsaye na wannan zagayayyen birnin. Babban littafin tarihi zai ce maka Bagadaza ta bunƙasa a zamanin Abbasiyawa, layi biyu, ya wuce abinsa. Amma da Khaɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a 1071, ya zauna rubuta Tarikh Bagdad, sai ya fara da garin kansa: ga magudanan ruwa, ga gadoji, ga kasuwanni, ga masallatai, ga maƙabartu da waɗanda aka binne a ciki. Sannan ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, duk malamin da ya zauna a garin ko ya ratsa ta cikinsa, mutum fiye da 7,000. Bai san mayaƙan Mongol za su zo a 1258 su ragargaza garin ba. Shi dai garinsu yake rubutawa. Yanzu duk mai son ya zana taswirar tsohuwar Bagadaza, dole ya bi ta ƙofarsa da ta irin su Ya'aƙubi, wani masanin tarihi da labarin ƙasa da ya gabace shi.

Ibn Asakir ma haka ya yi wa Dimashƙa, shi kam har ya fi, don bugun da aka yi a Beirut mujalladi 80 ne, a kan gari guda fa. Kuma akwai littattafan da suka ɓata gaba ɗaya, ba a da su yau sai guntayen da ya kwafo ya saka a nasa. A ƙasar Sin kuwa abin al'adar mulki ce, gundumomi suna rubuta kundin yankinsu, ana sabuntawa, waɗanda suka tsira har yau sun haura 8,000. Masu binciken yanayi suna komawa cikinsu su tsinci shekarun fari da ambaliya da farin ɗango da girgizar ƙasa, abin da wani magatakarda ya rubuta don kawai aikinsa ne. Saboda haka ni a ganina, ƙanina, babban tarihi a hannun ƙananan nan yake ci.

Amma na san za ka ce to wannan amfanin masu bincike ne, kai mai karatu don nishaɗi fa? Saurara ka ji. Akwai wani ƙauye a kudancin Faransa, cikin duwatsun Pyrenees, sunansa Montaillou, mutanensa a wancan lokacin ba su wuce 250 ba. Tsakanin 1318 da 1325 wani bishop mai suna Jacques Fournier ya riƙa kiran mutanen yankin yana yi musu tambayoyi, don ana zarginsu da bin wata ɗariƙa da Cocin Katolika ta ɗauka ɓata ce. Mutumin nan akwai naci, komai sai ya tambaya, magatakarda suna rubutawa. Daga baya ya zama Fafaroma a 1334, kundin ya ƙare a ɗakin karatu na Vatican. A 1975 wani masanin tarihi, Le Roy Ladurie, ya ɗauko kundin ya fitar da littafi da sunan ƙauyen.

Wallahi in ka shiga littafin nan sai ka manta shekara 700 ce tsakaninku. Za ka ga mata zaune a rana, wannan tana cire wa waccan ƙwarƙwata a kai, ana gulmar maƙwabta, kuma ba kowa ake cire wa ba, alama ce ta kusanci. Za ka ga makiyayi yana tsallaka duwatsu da tumaki zuwa ɓangaren Sifaniya, ba shi da gida ba shi da tara dukiya, kuma bai ɗauki kansa matalauci ba. Za ka ga limamin cocin ƙauyen, wanda shi ne mai kai rahoton mutane, shi ne kuma yake tare da 'yan ɗariƙar a ɓoye, ga neman mata kamar me. Wane littafin tarihin Turai ne zai tsaya ya nuna maka wannan? Shi sarakuna da yaƙe-yaƙe sun ishe shi. Littafin nan kuwa, Hajiya ki ji, ya shiga sahun waɗanda suka fi kasuwa a Faransa, aka fassara shi harsuna da dama. Sai dai a riƙe abu guda: maganar mutanen da ke tsaye gaban mai hukunci ce, cikin tsoro, da harshensu suka faɗa aka juya zuwa Latin. Masana sun yi ta jan kunne a kan wannan, kuma suna da hujja.

Wannan shi ne daɗin farko, wato mutane su fito da fuskokinsu. Na biyu kuma, kuma shi na fi so, wanda ya taƙaita kansa a ƙaramin fili ba shi da wajen ɓuya. In ka ce za ka rubuta tarihin nahiya guda, dole rabin abin da za ka faɗa ji ka yi. Wanda ya ce shi unguwa guda zai rubuta, ko nau'in tsuntsu guda, to gani ya kori ji, kuma masu karanta shi su ne waɗanda suka san wajen, in ya yi ƙarya a shafi na uku za su kama shi.

Misalin da nake yawan bayarwa shi ne Gilbert White, wani limamin coci a ƙauyen Selborne a kudancin Ingila. Kusan duk rayuwarsa a wannan ƙauyen ya yi ta. A 1789 aka buga wasiƙun da yake aika wa wasu masana biyu a kan abin da yake gani a lambunsa da dajin bayan gari. Akwai wasu 'yan tsuntsaye da mutane suka ɗauka iri ɗaya ne saboda kamanninsu, shi da kunne ya raba su gida uku, don kukansu ya bambanta. Ya samu wani ɗan mitsitsin ɓera mai saƙa sheƙa a jikin karan hatsi, ya ɗora guda biyu a sikeli, ya ga nauyinsu daidai da tsabar tagulla guda ta rabin kwabon zamaninsu. Kunkurun da ya gada wajen gwaggonsa ma sai da ya riƙa auna shi yana rubuta ranar da yake shiga ƙasa da ranar da yake fitowa. Kuma inda abu ya shige masa duhu yakan bar shi a buɗe. Tsattsewa, alal misali, ya daɗe yana kai-kawo, shin duka ƙaura suke yi in sanyi ya zo, ko wasu ɓuya suke yi su yi barci. Ƙaura suke yi, har Afirka. Amma mai karatu yana ganin yadda mutum yake bin abu da ido da haƙuri, wannan kansa karatu ne. Fiye da shekara 200 ke nan ana sake buga littafin. Darwin, shahararren masanin halittu na Ingila, ya karanta shi yana yaro, kuma shi ma littafinsa na ƙarshe, a 1881, a kan me ya yi shi? A kan tana. Tanar ƙasa dai da ka sani. Ya kwashe kusan shekara 40 yana lura da ita, kuma littafin ya yi kasuwa.

Ɓangaren abin sha'awa kuwa, irin kallon tsuntsaye da kamun kifi da tara tsofaffin kuɗi, nan littafin kayan aiki ne, ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. A Amurka a 1934 wani saurayi mai zane, Roger Tory Peterson, ya kawo littafin gane tsuntsaye, kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓa, wanda ya karɓa ma kwafi 2,000 kawai ya buga don tsoron asara. Nan da nan suka ƙare. Dabararsa 'yar ƙarama ce: ya zana tsuntsun, ya sa 'yar kibiya tana nuna alamar da za ka duba daga nesa, farin layi a fiffike, ko ɗigo a wuya. Kafin nan masana sun fi dogara da harbo tsuntsu a riƙe shi a hannu kafin a tabbatar da shi. Shi ya mayar da abin na kowa, da madubin hangen nesa da littafi a aljihu. Wanda ya yi wata guda da irin wannan littafin, hanyar da yake bi kullum sai ta cika masa da abubuwan da a da bai san suna nan ba.

To Hajiya, na zo kan maganarki. Gaskiya ne, yawancinsu ba sa sayuwa. Waɗannan da na lissafa su ne zakaru, a bayansu akwai dubbai da aka buga kwafi kaɗan suka ƙare a kwali. Masu rubuta su ma galibi ba don kuɗi suke yi ba, za ki ga tsohon malamin makaranta ne, ko ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya yana tsoron kada abin da ya sani ya bi shi kabari. Abin da ya canza shi ne na'ura. A da sai an haɗa farantin bugu, kuɗin farawa yana da yawa, in ba za a buga da yawa ba asara ce. Yanzu akwai bugun da sai an yi oda ake buga kwafi guda a aika. Ga intanet kuma ta haɗa masu sha'awa ɗaya da ke warwatse. Littafin da a gari guda mutum biyar ne za su kula shi, in aka tattara na duniya sai a samu 'yan dubbai, kuma irin masu karatun da ba sa jefar da littafi ne. Shi ya sa in bugun ya ƙare, tsohon kwafi yakan yi wuyar samu.

Sai dai sauƙin bugun nan ya buɗe ƙofa ga tarkace, kada in yi ta yabo kamar dillali. Babban ciwon littafin yanki shi ne son kai. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, sai ka ga marubuci ya mayar da garinsu cibiyar duniya, ba a taɓa cin su da yaƙi ba, kakanninsa duk waliyyai ne, abin kunya kuwa an share shi tas. Wani kuma bai taka ko'ina ba, littattafai uku ya haɗa ya kwafe har da kurakuransu. Wani ya tara bayanai kamar shara, ba ya iya barin komai, sunan kowane mai unguwa da ranar naɗinsa shafi hamsin, ba labari ba ma'ana. Wannan na ƙarshen ni ina yi masa uzuri, don ko ba ya karantuwa, wata rana wani zai zo neman suna guda ya same shi a ciki.

Saboda haka ƙanina, in za ka gwada, kada ka fara da abin da aka ce maka yana da muhimmanci, fara da abin da kai yake ja maka rai, ko da mutane za su yi dariya. In littafin ya zo hannunka, juya bayansa tukuna. Duba ko ya faɗi inda ya samo maganarsa, wa ya gaya masa, a wace shekara, a wace takarda ya gani. Duba ko akwai fihirisar sunaye, da taswira, da hotuna masu kwanan wata. Sannan buɗe tsakiya ka nemi inda ya kawo ruwaya biyu masu karo da juna, ka ga ya ya yi da su. In ya ajiye maka duka biyun ya faɗi wadda ya fi karkata gare ta da dalilinsa, saya. In kuwa daga farko har ƙarshe komai sumul yake, kowa gwarzo ne, mayar da shi inda ka ɗauko.

Muryar ta yi tsawo, ku yafe ni. Hajiya, a gaida mutan gida. Sai da safenku.